Ɗan rediyon da na saya wa Inna a kasuwar Zuru

Mata da yawa a Zumuntar Mata ta cocinmu sun tambaye ni game da ɗan rediyon nan mai karatun Littafi Mai Tsarki da Inna, mahaifiyar maigidana, take yawo da shi ɗaure a bakin zane. Wasu so suke su saya wa iyayensu, wasu kuma tsoro suke kada su zuba kuɗi a abin da zai mutu cikin wata biyu. Shekara ɗaya da rabi ke nan yana hannunmu. Ya faɗi ƙasa ya fi a ƙirga, ya sha hayaƙin murhu, sau ɗaya ma ruwan Agusta ya same shi a kan katanga. Don haka ina ganin lokaci ya yi da zan faɗi abin da na gani, mai daɗi da marar daɗi.

Sai na fara da yadda Inna ta dawo hannuna, domin daga nan maganar sayen ta taso. A daminar 2022 ne ita da Baba suka baro ƙauyensu a ƙasar Wasagu cikin dare, bayan 'yan bindiga sun shiga ƙauyen da ke kusa da su. Duk wanda ke Zuru a shekarun nan ya ga yadda mutanen Danko-Wasagu da Sakaba suka riƙa kwararowa cikin gari, wasu gidan dangi, wasu kangon da ba a gama gininsa ba. Su Inna sun iso da tabarma, da tukunya biyu, da 'yar akuya guda, da tsohon Littafi Mai Tsarki na Baba a cikin leda. Dawar da ke rumbu da gonar da aka riga aka yi wa noman fari duk a can aka bar su. Baba bai cika wata takwas a gari ba ya rasu. Hawan jini aka ce a asibiti, amma mu da muke tare da shi mun san tunanin gonarsa ne ya cinye shi. Maigidana soja ne, kamar 'ya'yan ƙasar Zuru da yawa, yana can Borno, sai mu yi wata uku ba mu sa shi a ido ba. Gidan ya rage daga ni sai yara uku sai Inna.

Bayan rasuwar Baba, Inna ta yi shiru. Matar da a ƙauye ita ke buga tulu a Zumuntar Mata, wadda in ta ɗauki waƙa har bakin rafi ana jin ta, sai ga ta tana wuni a ƙofar ɗaki, hannu a haɓa. In ka gaishe ta ta amsa, in ka ba ta tuwo ta taɓa kaɗan ta ture. Ba ta yi boko ba. Ta ɗan koyi haɗa baƙi a ajin manya na coci tun tana amarya, amma yanar ido ta rufe mata wannan ƙofar ma. Na yi ƙoƙarin karanta mata da dare. Sai dai ni malamar firamare ce, kafin in dawo daga makaranta, in ɗora tukunya, in duba littattafan yara, ƙarfina ya ƙare. Aya goma in na yi, barci ya ɗauke ni da Littafin a cinya.

Maƙwabciyata Hajiya ce ta ba ni shawarar. A Zuru wannan ba abin mamaki ba ne, gida ɗaya za ka tarar da mai zuwa masallaci da mai zuwa coci, uwa ɗaya uba ɗaya. Tana da irin rediyon, an zuba mata karatun Alƙur'ani, da shi take shara da wanke-wanke. Ta leƙo ta kan katanga wata safiya ta ga Inna zaune, sai ta ce da ni, "Malama, ki saya wa tsohuwar nan irin nawa mana, a zuba mata naku karatun. Shirun nan ba zai bar ta da lafiya ba." Allah ya saka mata da alheri.

Na saye shi a watan Janairun 2024 a wani shagon kayan waya cikin kasuwa. Rediyon naira 8,500, katin memori naira 3,000, zuba karatun naira 1,000. Girmansa bai wuce sabulun wanki ba. A bayansa akwai ɗan farantin sola, a gefe akwai tocila, a gaba kuma lasifika da ɗan gilashi mai nuna lamba da jan haske, sai madannai daga 0 zuwa 9. Waɗannan madannan lamba su ne abin da ya fi komai muhimmanci a jikinsa, kuma da yawa daga cikin waɗanda ake sayarwa ba su da su. Wanda ba shi da lamba kada ki saya, ko da ya fi kyau a ido, ko da an rage miki kuɗi. Littafi Mai Tsarki littattafai 66 ne, surori 1,189. In sai kin yi ta danna "gaba, gaba" kafin ki kai Zabura, yatsanki zai gaji tun ba ki fita Littafin Firistoci ba.

Matsalar farko daga katin ta fito. Da muka kunna, bayan Farawa sura 1 sai ya tsallaka sura 10, da 11, da 12, sura 2 kuwa sai can bayan 19. Ga waƙoƙin da ban ce a sa ba an cusa su a tsakiya. Wani matashi da ke kula da kayan sauti a cocinmu ne ya karɓa, ya zauna da kwamfutarsa ya sake wa kowace sura lamba tun daga 0001 har 1189, ya kwafe su a jere. Sati bakwai bayan haka katin ya mutu gaba ɗaya. Na jabu ne. Mai shagon dai bai yi mini gardama ba, ya ba ni wani na cika masa naira 1,500, wannan na biyun shi ne har yau. Shawarata, kafin ki bar shagon ki sa a danna miki 479, ya kamata ki ji Zabura ta 1. A danna 930, ya kamata ki ji Matiyu sura 1. In ba haka kika ji ba, jerin ya ɓaci. Kuma ki roƙi wani mai kwamfuta ya ajiye miki kwafi.

Da jerin ya daidaita sai na yanki bayan kwali na rubuta lambobi manya-manya na manna a bangon ɗakin Inna. Ba ta karanta baƙi, amma ta san lamba sarai, macen da ta shekara arba'in tana sayar da daddawa ba za a koya mata lamba ba. Na ɗiga gam a kan madannin 5 da na kunnawa don yatsanta ya riƙa gane su ba sai ta gani ba. Cikin sati biyu ta daina neman kowa. Zabura 23 ita ce 501. Zabura 91 ita ce 569. Zabura 121 ita ce 599. Rut ta fara daga 233. Har yanzu Inna ba ta cewa Rut sura ɗaya, sai dai ta ce, "Yau 233 zan ji."

Maganar caji, kada a yaudare ki da solar nan. Farantin ƙarami ne. In ya wuni cur a rana ta watan Maris zai ba ki kamar awa uku. A watan Agusta da gari ke wuni a lumshe, ko lokacin da hazo ya sauko, abin da yake tarawa bai taka kara ya karya ba. Da wuta ko a wurin masu cajin waya ya fi cika, ya yi kwana biyu in ba a ƙure murya ba. Tocilar tana shan batir sosai, na hana yara kunna ta. Abin da na yaba shi ne batirin irin na ƙananan wayoyi ne mai faɗi, ana samunsa ko'ina, mun canja sau ɗaya. Murfin batirin kuwa tun faɗuwa ta uku ya daina kamawa, da guntun robar taya muka ɗaure shi, dabarar Hajiya ce wannan ma. Akwai wani madanni da in hannu ya taɓa shi sai ya koma FM da shuuu mai ƙarfi, ya sha firgita Inna da tsakar dare. Kuma in aka kashe shi a tsakiyar sura, daga farkonta yake komawa. A gajeren Zabura ba komai, amma Zabura 119 aya 176 ce, in aka kira ki kina aya ta 150 sai ki sake ɗaukowa daga tushe.

Muryar mai karatun a fili take, namiji ne, ba ya sauri. Fassarar da muke riƙe da ita a coci ce, ta 1979. Littafin da Baba ya bari tsohuwar fassarar 1932 ce, wadda aka yi aikinta tun zamanin su Dokta Miller na Wusasa, Hausarta ta fi nauyi, shi ya sa wani lokaci Inna takan ce, "Ba haka Baban yara ke faɗin wurin nan ba." Mu Dakarkari ne, Lelna kamar yadda muke kiran kanmu, a gida C'lela muke yi, amma da Hausa Inna ta yi baftisma, da ita take addu'a da waƙa da ciniki, don haka karatun bai yi mata baƙunta ba. Kalmomi kaɗan ne take tsayar da ni a kansu, irin su lilin da shekel.

To, wannan jikin rediyon ke nan. Abin da ya sa na zauna rubutu kuwa, abin da ya faru da Inna ne.

Da farko Zabura kawai take ji, tana share hawaye. Daga baya, lokacin ɓarar gyaɗa, ta ce bari ta ɗauko daga lamba 1 ta bi a jere. Wata yamma ina tankaɗe a kicin sai na ji ta kashe rediyon. Na ɗauka batir ne. Na fito na same ta riƙe da shi da hannu biyu. Lamba 16 ce, inda Hajaratu ta gudu daga hannun Saratu da ciki, mala'ikan Ubangiji ya same ta a bakin maɓuɓɓuga a jeji, ita kuma ta kira Ubangiji da suna, Allah mai ganinta. Inna ta ce, "Ɗiyata, ashe baiwa ce ta raɗa wa Allah suna? Baiwa, mai ciki, a daji?" Na ce haka aka rubuta, Inna. Ta yi shiru, can ta ce, "To, ya gan mu a daren nan ke nan." Ranar ce ta fara ba ni labarin daren da suka gudu. Yadda ta goya jikan maƙwabta don uwarsa na da wani a hannu, yadda suka kwanta cikin dawa sauro na cin su ba halin ko mari, yadda ta riƙa toshe wa yaron baki da gefen zane. Shekara biyu tana ɗauke da wannan ita kaɗai. Ta ci tuwonta a daren nan har ta nemi ƙari.

A nan zan faɗi wani abu da ke zuciyata, ba kuma ina zargin fastocinmu ba ne, mutanen kirki ne da suka tsaya da mu a lokacin wahala. Ranar mata a coci, shekara da shekaru, nassin ba ya wuce huɗu: Afisawa 5, da 1 Bitrus 3, da Titus 2, sai Karin Magana 31 daga aya ta 10. Maganar Allah ce, na gaskata ta, ina kuma ƙoƙarin bin ta a ɗakina. Amma in mace ba ta karatu, abin da aka zaɓa aka karanta mata shi ne iyakar Littafinta. Sai ta girma ta tsufa tana zaton duk abin da Allah ya faɗa wa mata shi ne abin da gwaggonninta suka faɗa mata ranar kai amarya: yi na yi, bari na bari, haƙuri, haƙuri. Haƙuri abu ne mai kyau, yana cikin 'ya'yan Ruhu da aka lissafa a Galatiyawa 5. Amma akwai shirun da sunansa kawai haƙuri, a ciki kuwa mutum ya riga ya fid da rai ne. Irinsa na gani a ƙofar ɗakin Inna.

Da ta kai 659, wato Karin Magana 31, sau uku ta maimaita. Ta ce ita duk zamanta abin da ta riƙe daga surar nan shi ne matar na tashi tun da sauran dare ta shirya abinci. Yanzu ta ji da kunnenta cewa matar ta duba gona ta saya, ta dasa inabi da ribar hannunta, tana saƙa tana sayar wa 'yan kasuwa, tana buɗe hannu ga matalauci, damatsanta masu ƙarfi ne, ba ta fargabar gobe. Ta kuma lura da abin da ni mai karatu ban taɓa tsayawa a kansa ba: aya ta farko ta ce maganar Sarki Lemuwel ce wadda mahaifiyarsa ta koya masa, a cikin koyarwar har da cewa ya buɗe baki domin waɗanda ba su da bakin magana. "Ashe uwa ce ta koya wa sarki," in ji ta. Na kai maganar wurin Mama Fasto, wadda ta yi makarantar Littafi Mai Tsarki. Ta ce mini kalmar Ibrananci da aka siffanta matar nan da ita, ita ce wadda mala'ika ya yi amfani da ita sa'ad da ya kira Gidiyon jarumi a Littafin Mahukunta 6, ita ce kuma Bo'aza ya faɗa wa Rut a masussuka. Da na kawo wa Inna wannan bayani ta ce, "Rut mai kala? Wadda ta zo baƙuwa ba ta da ko mudu?" Na ce ita. Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta.

Sai ranar 321. Wannan lambar ko cikin barci aka tashe ni zan faɗe ta. 2 Sarakuna sura 8 ce. Wata mata 'yar garin Shunem, wadda Annabi Elisha ya tayar mata da ɗanta daga mutuwa, annabin ya ce ta tashi da iyalinta saboda yunwa ta shekara bakwai na zuwa. Ta tafi ƙasar Filistiyawa ta zauna. Da shekarun suka cika ta dawo, ta tafi da ƙafarta wurin sarki ta kai kuka a kan gidanta da gonarta. Ta iso daidai lokacin da Gehazi, baran Elisha, ke ba sarki labarin ɗan nata. Sarki ya tambaye ta, ta faɗa masa, ya haɗa ta da wani ma'aikacin fada ya ce a mayar mata da duk abin da yake nata, har da amfanin gonar tun ranar da ta bar ƙasar. Aya shida ce kacal. Na shekara fiye da talatin a coci ban taɓa jin an yi wa'azi a kanta ba.

Abin da ya sa ta ratsa Inna, mun riga mun sami labari cewa wani daga cikin dangin Baba ya ba da gonakin aro ga wani mutum, da ta tudu da ta fadama, ba tare da ya shawarci kowa ba. Hujjarsa, mai gonar ya mutu, ɗansa na bakin daga, mace kuwa ba ta da ta cewa a maganar ƙasa. Da labarin ya zo Inna cewa ta yi a bar wa Allah. Bayan ta ji 321 sai ta ce in nemo mata wani wuri da ta taɓa wucewa a Littafin Ƙidaya. Na nemo, 144 ne, 'ya'yan Zelofehad mata su biyar, su Mala da Milka da Tirza, da suka tsaya gaban Musa da firist da shugabanni suka ce don me sunan mahaifinsu zai ɓace saboda bai haifi namiji ba, Ubangiji kuma ya ce gaskiya suka faɗa. Ta ji wannan, ta ji 991, gwauruwar nan ta Luka 18 da ta hana alƙali sakat. Da safe ta ce mini, "Ɗiyata, ki kira mini ɗana a waya. Zan je wurin dagaci."

Gabana ya faɗi, ba zan ɓoye ba. Hanyar ba ta gama lafawa ba, kuma na san yadda ake kallon tsohuwa in ta tsaya gaban maza. Maigidana ya amince, ya kuma yi wa dagacin waya da kansa. Ta yi azumin kwana ɗaya, ta ɗaura ankon zumunta, wani dattijon ikilisiya ya raka ta. Shi ya ba ni labarin yadda aka yi. Ya ce ta durƙusa ta yi gaisuwa yadda ya kamata, ba ta ɗaga murya ba, ba ta zagi kowa ba, ƙanen mijin nata ma da "Baban yara" ta riƙa kiransa. Amma ta lissafa iyakokin gonar ɗaya bayan ɗaya, daga tsamiya zuwa suri zuwa bakin rafi, ta faɗi shekarar da aka sare ta da wanda ya taya su, ta ce ɗanta na can yana tsaron ƙasa, ba za a cinye gonar ubansa a bayan idonsa ba alhali uwarsa na numfashi. Ba a mayar mata da komai da komai kamar matar Shunem ba. Amfanin shekarun da suka wuce ya tafi. An dai ce fadamar ta dawo hannunta nan take, ta tudu kuma sai wanda ya shuka ya girbe. Ƙanen Baba ya yi wata biyar ba ya gaishe mu. Yanzu ya fara.

Wata a zumunta ta ja ni gefe ta ce irin wannan rediyo zai sa mata su fi ƙarfin mazajensu. Na ɗauki maganarta da muhimmanci, don mace ce mai tsoron Allah. Na ce ta je ta ji 261, wato 1 Sama'ila sura 25. Abigel ta ji Dawuda na tafe da mutum 400 zai hallaka gidanta saboda wautar mijinta Nabal. Ba ta zauna tana kuka ba, ba ta kuma tsaya cacar baki da miji ba. Ta ɗora gurasa 200 da tumaki biyar gyararru da sauran kaya a kan jakuna, ta tari Dawuda a hanya, ta faɗi a gabansa ta yi magana mai hankali, ta ceci kowane namiji a gidan. Da safe, da giya ta saki mijin, ta faɗa masa duk abin da ya faru. Ni ban ga raini a nan ba. Ban kuma ga Inna ta raina kowa ba tun da ta fara sauraro. Abin da na gani, tsoro ne ya ragu a idonta. Ta ma fi dā sauƙin yafewa, ita ce ta fara aika wa ƙanen Baba daddawa ranar Kirsimeti.

Akwai dai illa guda da dole in faɗa. Wata uku na farko rediyon ya so ya zame wa Inna coci. Ranar zumunta sai ta ce ƙafa na ciwo, ta zauna da abinta a ɗaki. Na gane ta fi jin daɗin muryar da ba za ta tambaye ta yaya aka ji da haƙuri ba. Uwar zumuntarmu ce ta gyara wannan. Ta zo gida da mata huɗu, suka zauna a tabarma, ta ce, "Inna, mun ji kina da malami a bakin zane, mun zo a koya mana." Suka ji 1027 tare, labarin Dokas ta Yafa da gwauraye suka tsaya suna nuna wa Bitrus rigunan da ta ɗinka musu. Daga nan uwar zumunta ta ce akwai mata 'yan gudun hijira sun fi goma a unguwar da ba su karatu, wa zai riƙa kai musu? Yanzu duk Alhamis da la'asar suna taruwa a tsakar gidanmu, a ji sura biyu, a kashe, a yi ta magana, wata ta yi kuka wata ta rarrashe ta, a rufe da addu'a. In za ki saya wa tsohuwarki, ki sa ido a kan wannan. Rediyo ba ya tambayar mutum ko ya ci abinci, ba ya zuwa gaisuwar rashin lafiya.

Ni ma na ci moriyarsa. Akwai lokacin da muka yi kwana goma sha ɗaya wayar maigidana ba ta shiga, ga labarai marasa daɗi na yawo a Facebook. Da rana ina koyar da yara kamar ba komai, da dare kuwa sai in kasa ko haɗa kalmomin addu'a. A dare na tara Inna ta turo ƙofata, ba ta ce komai ba, ta zauna a bakin gado ta lalubi gam ɗin da na ɗiga da hannuna, ta danna 5, 9, 9. Muka ji Zabura 121 a cikin duhu, mai tsaron Isra'ila da ba ya gyangyaɗi ba ya barci. Ta dafa kaina ta yi mini addu'a da C'lela. Matar da na saya wa rediyo don ta daina shiru ita ce ta riƙe ni a daren nan. Kwana biyu bayan haka ya kira, lafiyarsa ƙalau.

Ga wadda ke da wayar zamani da data, tana iya sauke karatun a wayarta, ba sai ta sayi wannan ba. Amma tsohuwa, ko mai ciwon ido, ko macen da hannunta kullum ke cikin ruwa da gari, wannan ya fi mata. Ba kira da zai katse karatun, yara ba za su ɗauke shi don wasa ba, ɓarawo bai damu da shi ba. Ki nemi mai lamba, ki gwada jerin a gaban mai shago, ki sayi batir na biyu, kada ki dogara da sola da damina.

Bakin cajin namu ya saki tun watan jiya, yanzu cire batirin muke yi a caja shi daban. Inna ta tafi da shi ƙauye wajen yankan shinkafar fadama, takan yi kwana uku ko huɗu ta dawo, ni kuma ba na samun natsuwa sai na ji sallamarta a ƙofa. Da gidan ya yi shiru, babbar ɗiyata ta ce ita ma tana so. Na koma shagon, ya zama naira 11,000 ban da kati. Na saya. Yana kan tagar kicin yanzu yana shan rana. Jiya da muke gyaran wake mun tsaya a 237, Hannatu na addu'a leɓunanta na motsi ba a jin muryarta, Eli firist na zaton ta bugu da giya ne, sai yarinyar ta ce in dakata tukuna, tana da tambaya.